Da tsohuwar zuma ake magani: Abin da na ji a sabbin kundayen waƙa huɗu

Tsakanin ranar 29 ga watan Maris da ranar 7 ga watan Yunin shekarar 2024, mako goma cif, mawaƙa huɗu daga sassa daban-daban na duniya suka saki sabbin kundayen waƙoƙinsu. Akwai Ba'amurkiya Beyoncé, akwai Ba'abzine Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, akwai Arooj Aftab 'yar Pakistan, sannan akwai tamu ta Legas, wato Tems. Harshe bai haɗa su ba, salon kiɗa bai haɗa su ba, haka nan masu sauraronsu ma kowa da kasuwarsa. Amma da na bi kowane kundi daga farko har ƙarshe, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, sai na iske sun yi tarayya a abu guda: kowanensu ya waiwaya baya, ya tono wani abu na gidansu da ƙura ta fara rufewa, ya kakkaɓe shi, ya gina sabon aiki a kansa.

Waɗanda suka yi wayo a zamanin kaset sun san yadda ake sauraron mawaƙi. Za ka saya, ka zura a rediyo, ka ji fuska ɗaya har ta ƙare, sannan ka juya ɗayar. Ko kana so ko ba ka so, sai ka bi mawaƙi duk inda ya nufa da kai. Yau kuwa waƙa takan iso mana a gutsure, daƙiƙa talatin a TikTok, amshi kaɗai, a bayan bidiyon wani yana rawa ko wata tana tallan atamfa. Wanda ya ji amshi ya ce ya san waƙa, kamar wanda ya ɗanɗana gishirin miya ne ya ce ya ci tuwo. A cikin kundi ake gane ko mawaƙi yana da abin faɗa, ko kuwa sa'a ce ya taka sau ɗaya. Abin da zan kawo a nan ra'ayi ne na mai sauraro, ra'ayi kuwa riga ce, kowa da irin tasa.

Bari mu fara da wanda ya fi tara jama'a. Kundin Beyoncé mai suna Cowboy Carter yana ɗauke da waƙoƙi da guntayen zantuka har 27, tsawonsa ya haura awa ɗaya da kwata. A cikinsa ta shiga gonar kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka. Wannan kiɗa ba baƙo ba ne a kunnen 'yan Najeriya. Duk wanda ya taso yana kunna rediyo da safiyar Lahadi ya san muryar Jim Reeves da Don Williams da Kenny Rogers da Dolly Parton. Sai dai yawancinmu mun ɗauke shi kayan farar fata zalla, kuma haka da yawa daga Amurkawa suka ɗauke shi. Shi ya sa a shekarar 2016, lokacin da Beyoncé, haifaffiyar birnin Houston na jihar Teksas, ta hau dandamalin bikin karrama mawaƙan kantiri, wasu suka yi ta guna-guni cewa ba wurin zamanta ba ne. Ita da kanta ta bayyana cewa wannan kundi ya samo asali ne daga wani lokaci da aka nuna mata ba a maraba da ita.

Amsar da ta bayar tana cikin sautin farko na waƙar Texas Hold 'Em, inda Rhiannon Giddens take kaɗa banjo. Banjo shi ne abin kiɗan da ake ganin ya fi kowane zama tambarin farar fatar karkara, alhali bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi a tsibiran Karebiyan da Amurka, da ƙoƙon duma da fata da sanda da tsirkiya. Masana sukan danganta shi da akontin na mutanen Jola a Senegal da Gambiya. Bahaushen da ya taɓa ganin gurmin Haruna Uji ba ya bukatar dogon sharhi, ido ma zai gaya masa 'yan gida ɗaya ne. Da wannan waƙa Beyoncé ta zama baƙar fata mace ta farko da ta hau saman jadawalin waƙoƙin kantiri na mujallar Billboard, kundin ma ya kafa irin wannan tarihi a nasa jadawalin.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ta nemo Linda Martell, dattijuwar da ta haura shekara tamanin. A 1969 Martell ta zama baƙar fata mace ta farko da ta rera waƙa ita kaɗai a dandalin Grand Ole Opry na birnin Nashville, ta fitar da kundi ɗaya a 1970, daga nan masana'antar ta juya mata baya. Bayan fiye da shekara hamsin, ga muryarta a kundin da duniya take rububi. Haka kuma Beyoncé ta sake rera Blackbird ta ƙungiyar Beatles, wadda Paul McCartney ya ce gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka ce ta sa ya rubuta ta a 1968, kuma ta jawo matasan mawaƙa mata huɗu baƙaƙe suka yi mata rakiya.

Duk da haka kundin ya yi tsawo fiye da kima. Daga tsakiya sai ka ji kamar an kira ka walima an jera maka akushi goma sha biyar, an ce dole ka taɓa kowane. Sannan ban gamsu da yadda ta sauya Jolene ta Dolly Parton ba. A waƙar asali mace ce take roƙon wadda ke neman ƙwace mata masoyi, ta ajiye girman kai ta fito da rauninta fili, nan ne kuma ƙarfin waƙar yake. Beyoncé ta mayar da roƙon ya zama kashedi da cika baki, sai waƙar ta yi ƙara amma ta rasa nauyi. Akwai kuma baitocin da ba na kunnawa a gaban yara ba ne. Inda na fi jin gaskiyarta shi ne 16 Carriages, waƙar yarinyar da ta fara neman na kai tun ba ta gama girma ba.

Ranar 3 ga watan Mayu Mdou Moctar ya fitar da Funeral for Justice, ma'ana jana'izar adalci. Waƙoƙi tara ne, ba su cika minti arba'in ba, kuma tun daga bugun farko ba ya ba ka damar gyara zama. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ɗan yankin Tawa ne, bahago ne a kaɗa jita, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar burkin keke, domin gidansu ba su yarda da kiɗa ba. Wani abin da ya kamata mu sani shi ne, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a shekarar 2008, da irin na'urar gyaran muryar nan da mawaƙan finafinan Hausa suka saba da ita. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta bulutut da katin memori a faɗin Sahara, har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, wanda ya bi sawu har ya gano mai su. Yaron da ya zo situdiyon Sakkwato neman sa'a, yau shi ne ake jerawa cikin gwanayen jita na duniya.

Kundin na 2024 fushi ne tsagwaronsa. Jitar tana kuka kamar guguwar rairayi ta taso, gangunan Souleymane Ibrahim suna sukuwa, suna ƙara sauri kamar raƙuman tsere sun hango gida. Ko wanda ba ya jin Tamashek zai gane cewa mutumin nan ba zancen soyayya yake yi ba. A waƙar Oh France ya tuhumi Faransa kai tsaye, a Modern Slaves ya koka da yadda duniya take zaɓar wanda za ta ji tausayinsa. Wanda ya san cewa tun daga 1971 aka shafe shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit ana kai wa Faransa tana haska biranenta, alhali yawancin ƙauyukan Nijar a duhu suke kwana, zai fahimci inda zafin ya fito. An naɗi kundin kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Shugaba Mohamed Bazoum. Juyin ya riski mawaƙan suna rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, suka maƙale a can na wani lokaci. Kafin kundin ya fito, sojojin Faransa sun riga sun fice daga Nijar a watan Disamba. Wannan ya sa sauraronsa yanzu yake da wani ɗaci na daban: wanda ake tuhuma ya tafi, tambayar da ta rage ita ce ko adalcin da aka yi wa jana'iza zai tashi.

Amma waƙar da ta fi tsaya mini a rai ita ce Imouhar, inda yake kira ga 'yan uwansa Abzinawa su riƙe harshensu kada ya salwanta a bakin 'ya'yansu. Ya fara ta a hankali, kamar ana hira a gindin tanti, sannan ya ɓarke. Akwai kuma Takoba, wadda sunanta kaɗai ya isa ya tuna mana daɗewar cuɗanyarmu da mutanen Azbin, domin kalmar 'yar uwar takobinmu ce. A nan ya sassauta, amshi yana karɓar amshi, irin na zaman dare a hamada. Aibin kundin, idan aibi ne, shi ne ba a jin sa da rabin hankali. Wanda ya dawo daga kasuwa a gajiye yana neman abin da zai kwantar masa da rai, ya nemi wani.

Wanda zai nema kuwa shi ne Night Reign na Arooj Aftab, da ya fito ranar 31 ga Mayu. An haife ta a Riyad ta ƙasar Saudiyya, ta girma a Lahor, ta yi karatun kiɗa a Amurka, kuma a 2022 ta zama mutum na farko daga Pakistan da ya ci kyautar Grammy. Kundinta na 2021, Vulture Prince, na makoki ne, ta sadaukar da shi ga ƙaninta da ya rasu. Wannan na 2024 kuwa na dare ne, da duk abin da dare yake ɗauke da shi na kewa da begen masoyi da tunanin da ba ya zuwa sai gari ya yi tsit. Salonta gauraye ne na jaz da gazal, wato waƙar bege ta Urdu wadda ta samo tushe daga Larabci da Farisanci. Kayan kiɗan kaɗan ne: babbar jita mai kaurin murya, fiyano jefi-jefi, da wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da Maeve Gilchrist take kaɗawa, mai sauti kamar ɗigar ruwa a kwano. Muryarta tana tafe a ƙasa-ƙasa, ba ta gaggawa, ba ta neman burge kowa.

Kunnen Bahaushe ba zai yi baƙunta a nan ba. Shekara da shekaru muna kallon finafinan Indiya, har kalmomi irin su muhabbat da duniya da zindagi sun zauna mana. Bambancin shi ne an cire rawar da tarin goge da kwalliyar fim, an bar kalma da numfashi. Tsohuwar zumar da ta tono ita ce Mah Laqa Bai Chanda, mawaƙiyar birnin Haidarabad da ta rayu daga 1768 zuwa 1824, wadda ake lissafawa a matsayin mace ta farko da ta tara cikakken diwani da harshen Urdu. Ta yi zamani da ƙuruciyar Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, kodayake rayuwarsu da manufar rubutunsu sun sha bamban ƙwarai. Arooj ta ɗauki baitocin matar da ta kwanta dama shekara ɗari biyu cif kafin fitowar kundin, ta sa musu sabon kiɗa a birnin Niyok, suka zauna daram kamar jiya aka rubuta su. Raat Ki Rani, mai ɗauke da sunan wani fure da ba ya ƙamshi sai da dare, ita ce ta fi saurin shiga rai. Inda na ga rauni shi ne waƙoƙin da ta yi da Turanci. Ba su kai na Urdu zurfi ba, kamar dai mutum ne ya sa rigar aro, ta yi masa kyau amma ba ta zauna a kafaɗa ba.

Na ƙarshe a fitowa shi ne Born in the Wild na Temilade Openiyi, wadda duniya ta sani da Tems. Abin mamaki, wannan ne cikakken kundinta na farko, alhali sunanta ya riga ya zaga duniya tun waƙar Essence da suka yi da Wizkid a 2020, ta ci Grammy a 2023, ta kuma sa hannu a rubuta waƙar Rihanna da aka zaɓa cikin masu neman kyautar Oscar. Mai irin wannan suna yana iya tara manyan baƙi ya ɓuya a bayansu. Ita kuwa a waƙoƙi 18 baƙi biyu kawai ta gayyato, Asake da J. Cole, kuma da hannunta ta tsara kiɗan wasu daga ciki, tare da GuiltyBeatz ɗan Ghana. Ta buɗe da jita guda da murya, ba ganga ba hayaniya, tana ba da labarin yadda ta taso. Muryarta mai kauri ce, da ɗan dishi-dishi, tana jan kalma kamar mai tunanin abin da za ta faɗa kafin ta faɗe shi. Har muryar mahaifiyarta ta sako a tsakani, abin da ya sa kundin ya yi kama da hira a tsakar gida.

Ita ma ta waiwaya. Love Me JeJe ta ginu ne a kan waƙar Seyi Sodimu ta 1997 mai wannan suna, wadda iyayen masu sauraronta na yau suka yi rawa da ita a bukukuwan Legas. Wickedest kuma ta ɗauko daga 1er Gaou ta ƙungiyar Magic System ta Abidjan, waƙar da ta karaɗe Afirka ta Yamma a farkon wannan ƙarni, har da garuruwanmu. A daidai lokacin da ake zargin mawaƙan Afrobeats da kwaikwayon Amurka don neman kasuwa, ita sai ta nuna cewa Afirka ta Yamma tana da nata rumbun da za a ɗiba. Matsalar kundin ita ce tafiyarsa ta cika zama iri ɗaya. Daga tsakiya waƙoƙi uku ko huɗu sukan narke cikin juna har ka kasa tuna wacce ce wacce. Da ta rage biyar, da ya fi ƙarfi. Amma ko a haka, aiki ne na wadda ta san abin da take so, ba ta bari kasuwa ta yi mata shifta ba.

To, mai karatu, a nan ne tunanina ya dawo gida. Banjo, harshen Tamashek, diwanin wata mata ta Haidarabad, waƙar bikin Legas ta 1997: kowane ɗaya an same shi ne domin wani ya adana shi, an kuma ambaci mai shi da sunansa. Mu fa? Rumbunmu bai fi na kowa ƙanƙanta ba. Muna da kalangun Mamman Shata da ya rasu a 1999, da kotson Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, da kuntigin Ɗanmaraya Jos da ya rasu a 2015, da ƙwaryar Barmani Choge da ta rasu a 2013, ga Narambaɗa, ga Haruna Uji. Amma yaya muke jin su yau? A wayoyi, daga hannun masu tura waƙa a bakin kasuwa, sauti ya dushe saboda kwafi a kan kwafi, babu shekarar da aka naɗa, babu sunan makaɗa da 'yan amshi, wani lokaci ma sunan waƙar ba daidai ba. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi namijin ƙoƙari wajen rubuta matanin waƙoƙin baka da tarihin makaɗa. Sai dai takarda tana riƙe kalma ne, ba ta riƙe zaƙin murya da amon fata. Gidajen rediyonmu, musamman na Kaduna, su suka naɗi da yawa daga cikin waɗannan muryoyi, faifai da zaren kaset kuwa ba sa jure zafi da ƙura har abada.

Ba ina cewa matasanmu su yar da fiyano su koma ɗaukar kalangu dole ba, kuma na san akwai irin su Aminu Ala da Naziru Sarkin Waƙa da suke ɗiba daga salon waƙar fada. Abin da nake fata shi ne a samu mawaƙin da zai zauna ya yi kundi guda mai kai da gindi, ya nemo tsohon makaɗin gurmi ko kukuma da ya rage a Haɗeja ko Gusau ko Maraɗi, ya shigar da shi situdiyo, ya rubuta sunansa a jikin aikin, ya biya shi hakkinsa, kamar yadda aka yi wa Linda Martell tun tana raye. Gidajen rediyo da jami'o'i da masu hannu da shuni kuma su haɗa kai a juye tsofaffin faifan nan zuwa na'urorin zamani da sauti mai kyau, a san na wane ne, a san rabon magada. Idan situdiyon Sakkwato ya iya zama matakin farko ga mutumin da yau ake sauraro a Turai da Amurka, babu dalilin da zai sa mu raina abin da ke hannunmu.

Idan aka ce in jera su, Funeral for Justice zan sa a gaba, domin shi ne wanda kowace waƙa a cikinsa take da dalilin zama. Night Reign yana biye, shi ne abokin daren da barci ya ƙi zuwa. Born in the Wild alkawari ne na abin da ke tafe, Cowboy Carter kuma darasin tarihi ne da ya fi daɗi idan ka zaɓi goma daga ciki ka bar saura. Wani zai jera su akasin haka, kuma ba zan yi musu da shi ba, muddin ya saurara har ƙarshe kafin ya yanke hukunci. Allah Ya ji ƙan magabatan mawaƙanmu, Ya ba na raye basirar sanin darajar abin da aka bar musu.